Man Zaitun da Man Gyaɗa

Ranar da na sayar da littafina na uku ban yi minti ashirin a cikin shagon ba. Da damina ne, shekarar 1999, a kasuwar Sabon Gari ta Kano, layin masu littattafai. Na shiga da wahalar shekara guda da rabi a cikin baƙar leda, na fito da kuɗin da bai kai albashina na wata biyu ba, har ina yi wa mutumin godiya. Ba zan faɗi sunansa ba, Alhaji kawai zan kira shi. Ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta masa, kuma har yau muna gaisawa da 'ya'yansa.

Ga yadda abin ya kasance. Na yi sallama, muka gaisa, ya ce, "Malam, ya iyali?" Maimakon in ce alhamdu lillahi in ja bakina, sai na zazzage masa cikina kaf. Na ce uwargida ta shiga watanta, mai gidan da nake haya ya aiko sau biyu, albashi shiru, ragon suna kuwa ko igiyarsa ban tanada ba. Yana saurare yana gyaɗa kai, yana cewa Allah sarki. Da muka zo kan magana sai ya ce kasuwa ta yi sanyi, takarda ta tashi, masu ɗaukar kaya zuwa Sakkwato da Maraɗi ba su kawo kuɗi ba. Sannan ya faɗi abin da zai iya bayarwa, rabin abin da shi da bakinsa ya taya wata uku kafin nan. Ya ƙara da cewa sayen duka ne: da rubutun, da filet, wato farantin da ake ɗora wa inji a buga littafin, da bango, da duk bugun da za a yi nan gaba. Babu takarda, babu shaida sai yaron shagonsa. Na miƙa masa hannu na ce na sallama.

Littafin ya fita kashi uku, na ɗaya da na biyu da na uku, kamar yadda ake yi a lokacin. Ya karɓu fiye da duk abin da na taɓa rubutawa. Na ji ana karanta shi a rediyo. Wani abokina direba ya ce ya gan shi a Damagaram. Bayan bugu na bakwai na daina ƙirgawa, domin ƙirgar ba ta ƙara mini komai sai baƙin ciki. Ko sisi ban sake gani ba.

Ni ɗan Fagge ne. Mahaifinmu ya rasu ina da shekara tara, ya bar mu mu biyar a hannun Inna, ita kuwa ba ta da abin da ta iya sai matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Da wannan ta ciyar da mu, da shi na yi karatu har na samu takardar koyarwa, na fara koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare. Rubutu kuwa na faɗa cikinsa ne a lokacin da ya zama ruwan dare a Kano. Tun tsakiyar shekarun 1980 matasa maza da mata suka daina jiran manyan kamfanonin ɗab'i, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga littattafan makaranta, suka fara buga nasu da kansu. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Masana a jami'a suka yi ta muhawara a kanmu a jaridu, har aka laƙaba wa abin suna adabin kasuwar Kano. Tsarin kuwa sananne ne. Ka biya mai buga rubutu, ka sayi takarda, ka biya maɗaba'a, ka kai wa 'yan kasuwa bashi, sannan ka shiga sintirin karɓar kuɗinka. In ba ka da jari, ka sayar da rubutun ɗungurungum.

Ni kuma na shiga da wata fahimta da ta cuce ni. A ganina marubuci malami ne, mai gyaran tarbiyya, kuma malami ba ya tsayawa yana jayayya a kan kuɗi kamar mai sayar da tumatir. In na je karɓar kuɗina sai in zauna a benci ina hirar duniya, ina jiran mai shago ya tuna da kansa. Sau da yawa har a kira la'asar bai tuna ba, in tashi in tafi. Bayan abin da ya faru a 1999 na ajiye alƙalami gaba ɗaya. Shekara biyu ban rubuta ko layi ɗaya ba.

A 2001 ne, ina dawowa daga makaranta, na tsaya wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafan Turanci a ƙasa, kusa da Bata. Na ɗauki wani mai kauri, bangonsa ya yage rabi. The Godfather ne, na Mario Puzo, wanda ya fito a 1969. Na taɓa jin sunan fim ɗin, ban taɓa gani ba. Sunan ma ya ja ni, don a lokacin kowa a ƙasar nan maganar siyasar ubangida yake yi. Dare uku na yi a kansa da fitilar ƙwai.

Bari in faɗi wannan tun yanzu, don kada a fahimce ni a baibai. Vito Corleone, uban gidan Mafiya, wato gungun masu aikata manyan laifuka, da ke cikin littafin, mai kisan kai ne. Dukiyarsa ta caca ce da fasa-ƙwaurin giya da sayen alƙalai da 'yan siyasa. Ban taɓa sha'awar zama shi ba, kuma ina tausayin duk matashin da ya karanta ya fito da wannan sha'awar. Amma mutum yakan tsinci allura a bola. Na shiga littafin ina neman abin da zai ɗauke mini hankali daga damuwata, sai na tarar da damuwar tawa zaune a ciki.

Wurin da ya tsayar da ni shi ne zaman da aka yi da wani mai safarar miyagun ƙwayoyi, Sollozzo, wanda ya zo neman jari da kariyar manyan da ke aljihun Vito. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya ƙi, cikin ladabi, ya faɗi dalilinsa, ya yi masa fatan alheri. Sai babban ɗansa Sonny ya tsoma baki da tambaya guda, tambayar da ta nuna shi kam ribar ta shiga ransa. Daga wannan kalma ɗaya baƙon ya gane cewa in aka kawar da uban, za a iya ciniki da ɗan. Ba a daɗe ba aka harbe Vito a bakin titi yana sayen kayan marmari. Bayan tashin baƙon, uban ya yi wa ɗan faɗa a kan barin bare ya san abin da ke ransa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Na rufe littafin na zauna a duhu. Babu wanda ya harbe ni, amma na san wannan zaman, na san bencin, na san gyaɗa kan. Shekara biyu ina cewa Alhaji ya zalunce ni, kuma har gobe ina ganin bai kyauta ba. Sai dai a daren nan na fara ganin nawa kason. Ni na miƙa masa wuƙar, na kuma nuna masa gaɓa.

Ranar Juma'a na je gaida Inna kamar kullum. Na same ta tana tuƙa gyaɗa, yaran talla sun kewaye ta. Da suka watse na zauna a kan turmi na ba ta labarin, tun daga yadda Vito ya gudo daga Sisili yana ɗan shekara goma sha biyu bayan an kashe ubansa, ya yi aiki a kantin kayan masarufi a Niyok, aka kore shi don a ba ɗan'uwan wani azzalumin unguwa gurbinsa, har ya kafa kamfanin shigo da man zaitun daga Italiya. Da ta ji man zaitun sai ta ɗago. Ta ce, "Au, mai mai ne?" Na ce shi ne sana'arsa ta fili. Na ba ta labarin bikin 'yarsa, inda mutane ke shiga ɗaya bayan ɗaya da buƙatunsu, daga mai gidan burodi har mawaƙi, yana biya musu ba ya karɓar kuɗi, sai dai kowa ya fita ya san akwai ranar da za a neme shi.

Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Ta ce, "Kai wannan, ai mutumin naka ɗan kasuwa ne da ya ɓaci. In ka cire kisan da haramun, sauran duk a gidan nan ka tashi kana gani, ba ka dai duba ba ne." Sai na gaya mata abin da ban taɓa gaya mata ba, yadda na sayar da littafin. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ka taɓa ji na gaya wa mai gyaɗa a Dawanau cewa ban ɗora tukunya ba? Ranar da babu ko ƙwayar hatsi a gidan nan, ran nan nake ɗaura zanena mai kyau in fita. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Sannan ta nuna mini bangon ɗakin girkinta. Na girma ina ganin zane-zanen gawayi a jikinsa, ban taɓa tambaya ba. Ashe littafin bashinta ne. Kowace mata da alamarta, wata da'ira, wata ƙafar kaza, wata gicciye, a gaban kowace kuma layuka, kowane layi kwalba guda. Inna ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa ba da mai ba ta zana ba, kuma ba ta ƙara wa mai bashi sai ta goge na baya, in ba rashin lafiya ko mutuwa aka yi a gidan ba. Wannan kam takan aika da kwalba ta ce ba na bango ba ne. Ita ce uwar adashin unguwar shekara da shekaru. Ni mai takardar koyarwa na ba da wahalar shekara guda da rabi ban zana ko layi ɗaya ba.

Abin da na fara yi shi ne neman nawa man. Na lura cewa abin da ya ba Vito damar cewa a'a shi ne ba ya jin yunwa. Yana da abin da ke shigo masa kullum. Gaskiya ko man zaitun ɗin nasa bai tsira daga zalunci ba, don littafin bai ɓoye cewa rumbunan masu gasa da shi sun riƙa kamawa da wuta ba. Na Inna ne mai tsabta, shi na bi. Ta sa ni a adashinta, na ɗauki kwasa ta huɗu, na haɗa da ɗan abin da uwargida ta sayar na ɗakinta, Allah ya saka mata, na sayi tsohuwar kwamfuta da injin fitar da takarda a 2002. Na kama rabin shago. Da safe aji, da yamma buga rubutu: takardun neman aiki, kundin ɗalibai, katin biki, da rubutun 'yan'uwana marubuta. Ban bar koyarwa ba, ko da yake abokai sun yi ta zuga ni. Ba wani kuɗi mai yawa ba ne, amma daga wannan shekarar ban sake shiga shagon ɗan kasuwa da kuɗin haya a wuyana ba.

Shagon ya kawo mini abin da ban yi tsammani ba, wato mutane. Yawancin masu rubutu a lokacin mata ne, da yawansu matan aure da ba sa fita, sai su aiko ƙane ko ɗa da littafin rubutu mai layi-layi. Wadda ba ta da kuɗi nakan buga mata, in rubuta a littafina, ta biya in ta sayar. Wadda na ga za ta sayar da rubutunta a wulaƙance nakan aika mata cewa ta dakata. Ban yi don a rama mini ba, amma ba zan yi ƙarya in ce ban san alheri danƙo ne ba. A littafin nan akwai wani yaron gidan burodi, Enzo, da Vito ya taimaka aka bar shi ya zauna a Amurka. Daren da maƙiya suka zo ƙarasa tsohon a asibiti, an janye masu gadi, wannan yaron da ba ya riƙe da ko sanda shi ya tsaya a ƙofa tare da ƙaramin ɗan Vito, har maharan suka ɗauka masu tsaro ne suka wuce. Duk manyan da ke aljihun Vito babu wanda ya yi masa amfanin mai burodi a wannan daren.

Nawa mai burodin yaron inji ne a maɗaba'ar da nake kai aiki. Mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, na ba shi abin da ya sawwaƙa, na manta. A 2003 na koma rubutu, na buga littafina na huɗu da kuɗina, kwafi dubu uku. Sati biyu da fitowarsa 'yan kasuwa suka fara ce mini ai suna da shi, sun samu a ƙasa da farashina. Na rasa gane kan abin. Sai ga yaron nan da daddare a ƙofar gidana, yana waige-waige. Ya ce, "Malam, don Allah kada ka ce ni na faɗa. Bayan ka kwashe naka, kwana biyu muka yi muna buga wani da filet ɗinka."

Ban taɓa jin fushi irin na wannan daren ba. Kuma a nan ne na kusa halaka. Shekarar zaɓe ce, 'yan daba suna cin kasuwarsu. Akwai wanda muka yi firamare tare, ya zama babba a cikinsu, yara suna rusuna masa. Labari ya kai masa, ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce, "Malam, ai mu naka ne. Ka ba ni sunan wurin kawai. Ba za mu taɓa kowa ba, zuwa za mu yi mu gaishe shi. Gobe da safe zai kawo maka kuɗinka har gida, da haƙuri." Ya ce ba ya son ko kwabo.

Wallahi na so in ce to. Har na buɗe baki. Abin da ya riƙe ni wani mutum ne a farkon littafin, mai sana'ar shirya gawa, wanda wasu samari biyu suka yi wa 'yarsa dukan kawo wuƙa, kotu ta sake su. Ya je wurin Vito, aka rama masa, ba a karɓi kuɗinsa ba. Daga ranar bai sake barci da ido biyu rufe ba, yana jiran kiran da ya san zai zo. Yawancin masu karatu suna ɗora kansu a kujerar uban gida. Ni a bakin masallacin nan na gane kujerar da ake miƙo mini ta mai shirya gawa ce. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau a tsorata mini mai maɗaba'a, gobe a ce in ajiye wata jaka a shagona, ko in buga wata takarda da sunan wani. Na ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci, amma bari in bi ta wajen manya tukuna." Na faɗa da fara'a, don na koyi cewa ƙi ma yana da ladabinsa, kuma ba a mayar da irinsu abokan gaba a banza.

Na bi ta wajen manyan. Na sami dattawa biyu a layin masu littattafai da wani babba a cikin marubuta, aka kira mai maɗaba'ar. Ban ambaci yaron ba. Na ce a kawo kwafin da ke kasuwa a gwada da nawa, takardar ba iri ɗaya ba ce. Ya yi musu, ya yi rantsuwa, daga baya ya sunkuyar da kai. Wata biyar aka yi ana biyana kaɗan-kaɗan, kuma ban samu duka ba. Ta hanyar ɗan daba da kwana ɗaya ne. Amma matan nan da na yi wa bugu bashi, da suka ji, su shida suka janye aikinsu daga wurinsa ba tare da na roƙe su ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo fiye da kuɗin.

Tun daga nan filet ɗina a gidana yake kwana. Ina ƙirga takardar da na kai, ina tsayawa a kan inji har a gama. Duk wanda zan ba littafi bashi sai mun rubuta: kwafi nawa, nawa ne, yaushe, shaidu biyu. Da farko wasu sun ji haushi, suka ce Malam ya zama Bature, ba ya yarda da mutane. Nakan ce musu aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Vito ba ya buƙatar takarda domin tsoro ne takardarsa. Ni ba ni da bindiga, ba na kuma so, saboda haka sai alƙalami.

A 2005 wani furodusa ya zo yana son mayar da littafina na huɗu fim, lokacin da harkar finafinan Hausa ke kwashe marubuta. Ya zo da kuɗi a ambulan, ya ajiye a kan teburina don in gani. Na ce ya ba ni sati guda. Vito yana da lauya a gefensa, Tom Hagen, wanda ba ya yanke magana sai ya ji ta bakinsa, kamar sarki da waziri. Nawa wazirin wani tsohon ɗalibina ne da ya karanta shari'a. Shi ya fahimtar da ni cewa haƙƙin littafi ba dunƙule ɗaya ba ne. Na bugawa daban, na fim daban, na karantawa a rediyo daban, na fassara daban, kuma kowanne ana iya ba da shi aro na wasu shekaru maimakon a sayar har abada. Na ba furodusan izinin fim ɗaya, na riƙe sauran. Ya yi ƙorafi, amma ya sa hannu.

Sai wajen 2011, da intanet ta shigo waya, na karanta tarihin Mario Puzo kansa, na yi ta mamaki. Ashe ɗan'uwana ne a wahala. Ya rubuta littattafai biyu kafin wannan, masana suka yaba, kasuwa ta ƙi. Yana da shekara 45, da 'ya'ya biyar, ana binsa bashin dala 20,000, na dangi da na banki da na caca. Ya ce a fili don kuɗi ya zauna ya rubuta labarin Mafiya, kuma lokacin bai taɓa haɗuwa da ɗan Mafiya na gaske ba, bincike ya yi. Kamfanin Putnam ya ba shi kafin alƙalami na dala 5,000. Tun bai gama ba kamfanin finafinai na Paramount ya taya haƙƙin fim da dala 12,500 a hannu, da alƙawarin ƙari in an yi fim ɗin. An ba shi shawara kada ya karɓa, ya karɓa, don bashi ya shaƙe shi. Fim ɗin ya fito a 1972, ya tara sama da dala miliyan 200. Abin da ya cece shi haƙƙin bugun mai araha ne, da aka saya dala 410,000, da kuma shigarsa cikin rubuta fim ɗin. Wato mutumin da ya ƙirƙiri wanda ba a taɓa yi wa wayo a ciniki ba, shi ma ya zauna a bencin Alhaji.

Abin da ya sa na ajiye wayar na share ido shi ne wani abu dabam. Puzo ya bayyana cewa duk lokacin da Vito ya buɗe baki, muryar mahaifiyarsa yake ji, matar da ta yi ƙaura daga Italiya, ba ta yi karatu ba, ta riƙe 'ya'yanta ita kaɗai a wata unguwar talakawa ta Niyok. Hikimar, da juriyar, da riƙon iyalin, duk nata ne, ya ɗora wa namiji mai bindiga. Na je na gaya wa Inna. Ta yi dariya ta ce, "To da wa kake tsammani?"

Yau kasuwar da na sani ta tafi. Waya ta cinye ta. Shagunan da muke sintiri a cikinsu da yawa sun koma sayar da wasu kayan. Yara suna rubutu a Wattpad da WhatsApp, mai karatu ya tura ɗan kuɗi a sa shi a rukuni, washegari wani ya kwafe littafin ya watsa kyauta, wani kuma ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗin talla, marubuciyar ba ta sani ba. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, wadda ta taɓo har abin da ake ɗorawa a intanet, amma yawancin yaranmu ba su san da ita ba. A cikin wannan yanayi wani mai tara marubuta ya kira ni 'yan shekarun baya, ya ce in riƙa rubuta masa labaran batsa da sunan ɓoye, zai biya ni duk wata abin da ya fi fanshona. Ya ce babu wanda zai sani. Na tuna Vito ya ƙi harkar ƙwaya ne ba don tsoron Allah ba, lissafi ya yi, ya ga za ta kore masa manyan da ya jingina da su. Ni ina da dalilai biyu, na farko tsayuwa gaban Ubangiji, na biyu irin nasa. Jarina duka shi ne uba ya ga sunana a bangon littafi ya bar 'yarsa ta karanta. Na ce masa na gode, ba layina ba ne, Allah ya ba shi halal.

Har yanzu in na sake karanta ƙarshen littafin raina yakan ɓaci. An yi wa babban ɗan ruwan harsashi a hanya. Ƙaramin, wanda da farko ya nisanci harkar ya tafi karatu, shi ya gaje ta, ya fi uban taurin zuciya, har mijin ƙanwarsa bai bari ba. Duk abin da tsohon ya ce don iyali yake yi, iyalin ya ci. 'Ya'yan Inna biyar kuwa muna nan, babu wanda ke kwana da wuƙa a ƙarƙashin matashi.

Inna ta rasu a 2019, bayan ƙaramar sallah. Kwana uku da rasuwar, mata suka fara shigowa da kuɗi ƙulle a bakin zane. Wannan ta ce kwalba biyu, waccan ta ce huɗu da rabi. Ba mu san alamar kowa ba, su suka riƙa kai mu bangon, kowace ta sa yatsa a kan tata, ƙanwata tana gogewa da tsumma. Wata tsohuwa ta zo daga Kurna da kuɗin kwalba ɗaya, ta duba bangon sama da ƙasa ba ta ga alamarta ba. Ta ce shekara huɗu ke nan, lokacin da mijinta ke jinya. Ƙanwata ta ce, "Baba, ai wannan ba na bango ba ne." Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Alama uku suka rage da ba wanda ya zo a kansu. Da za a yi wa gidan fenti bara, na ce wa mai fentin ya bar wannan kusurwar yadda take.